Ƙwallon ƙafa a Damagaram: wa zai biya kuɗin mota?

A shekarar 1984 ne ƙungiyar Espoir FC ta Damagaram ta zama zakarar ƙwallon ƙafa ta Nijar, shekara guda bayan Jangorzo ta Maraɗi ta yi irin wannan bajinta. Tun daga wancan lokaci, shekaru arba'in da 'yan kai ke nan, kofin bai sake fita daga Yamai ba. Yawancin masu karanta wannan shafi ba a haife su ba ranar da aka yi wancan murna a Birni da Zango. Labarin kawai suke ji a bakin iyaye, kamar yadda ake ba su labarin cewa Damagaram ce babban birnin ƙasa kafin Turawa su mayar da shi Yamai a 1926.

Duk mai son sanin dalili, ya duba jerin zakarun ƙasar daga 2010 zuwa 2024. ASFAN ta sojoji ce. AS GNN ta dakarun Garde Nationale ce. AS Douanes ta kwastan ce, USGN ta jandarmomi, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur na ƙasa, ASN Nigelec kuma ta kamfanin wutar lantarki. A tsawon waɗannan shekaru sau ɗaya tak, a 2012, ƙungiyar da ba ta jingina da wata ma'aikata ba ta ɗauki kofin, wato Olympic FC, ita ma ta Yamai ce. Ba mu ga laifin waɗannan ƙungiyoyi ba. ASFAN ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta CAF a 2010, USGN ta maimaita a kakar 2021/2022, kuma sun fitar da ƙasa kunya. Amma jerin yana faɗin wata gaskiya da ba ta da daɗin ji: a Nijar, ƙungiyar da ke da kasafin kuɗi, da motar ma'aikata, da aikin yi da za ta yi wa ɗan wasa alƙawari, ita ke cin kofi. Wadda ba ta da waɗannan, sai dai ta yi ta fafutukar kada ta mutu.

Idan haka lamarin yake a Super Ligue, inda ake da 'yan kallo da 'yan jarida da ɗan tallafin hukuma, to a ƙasa fa? Ƙungiyoyin rukuni na biyu da na gasar jiha, na Mirriya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut, da na unguwannin birnin Damagaram irin su Garin Malam da Sabon Gari da Ƙara-Ƙara, su ne ke raino. A wurinsu yaro ke fara sa takalmi, a wurinsu yake fara jin usur ɗin alƙalin wasa na gaskiya. Kuma su ne tsadar rayuwa ta fi shaƙe wa wuya a 'yan shekarun nan, ba tare da kowa ya waiwaye su ba.

Mu fara da hanya, domin ita ce ke cinye mafi yawan abin da ƙaramar ƙungiya ta tara. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. A ɗauka motar da za ta kwashi 'yan wasa da masu horarwa tana shan lita 20 a kowane kilomita 100. Zuwa da dawowa lita 360 ke nan. A farashin gazuwal na hukuma, sefa 618 kowace lita tun bayan ragin da aka yi a watan Yulin 2024, mai kaɗai ya haura jika 220. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Ma'ana, man tafiya guda ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyar, kuma ba a biya hayar motar ba, ba a ci abinci a Konni ko Dogon Dutsi ba, ba a kama ɗakin kwana ba, ba a sayi ko ruwan leda ba. Ƙungiyar Yamai kuwa mafi yawan wasanninta a cikin gari take yin su, ɗan wasa ya hau babur ya je fili, a tashi ya koma ya kwana a ɗakinsa. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba zakara da mai faɗuwa tun kafin a take leda.

Shi ya sa hawa rukuni na sama, wanda ya kamata ya zama abin buki, yakan zama abin fargaba ga shugabannin ƙananan ƙungiyoyi. Ana murna a fili, shugaba na lissafi a zuci. Ko a cikin jihar ma tafiyar ba wasa ba ce: Gure ta haura kilomita 150 daga Damagaram, Tanut ma kusan haka, Magarya kusan 100. Ƙungiyar da ba ta da motar kanta sai ta je tasha ta yi ciniki kamar kowa, kuma direba ba ya rage kuɗi don an ce masa yara ne za su je buga wa garinsu.

Wani zai ce ai an rage kuɗin mai. Haka ne, an rage, kuma an ji daɗi. Sai dai kada a manta cewa a watan Agustan 2022 aka ɗaga gazuwal daga sefa 538 zuwa 668, don haka ragin 2024 bai mayar da shi inda yake a da ba. Sannan duk ɗan Damagaram ya san cewa shekara da shekaru ba da farashin gidan mai ake tafiya a wannan yanki ba, da ruwa-ruwa ake tafiya, man Najeriya mai arha da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai, arhar ta tafi da shi. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dakonsu ya ƙaru. A watan Maris na 2025 kuma aka yi fama da ƙarancin mai, har a jihar da matatar ƙasa take. Ƙwallo, takalmi, riga, raga, maganin ciwo, shinkafar da za a dafa wa 'yan wasa ranar wasa: babu wanda waɗannan abubuwa ba su taɓa ba.

Amma abin da ya fi yi wa ƙananan ƙungiyoyi illa shi ne bushewar rijiyar da suke sha. A al'ada, ƙungiyar gari a wannan yanki tana rayuwa ne a aljihun mutum ɗaya ko biyu: wani Alhaji ɗan kasuwa mai son ƙwallo, ko wani ma'aikaci ɗan asalin garin da ke zaune a Yamai, ko ɗan siyasar da ke neman matasa su san da shi. Alhajin Damagaram kuwa kasuwarsa da Najeriya take. Dabbobi da wake da riɗi yake kai wa Maigatari da Kano, a biya shi da naira. Da naira ta faɗi, ribarsa ta zube a hanya kafin ya canza ta zuwa sefa. Gaskiya ne faɗuwar naira ta sa wasu kayan Kano sun yi sauƙi ga mai riƙe da sefa, amma me amfanin arhar takalmi ga ƙungiyar da mai saya mata shi ya karye? Ɗan siyasa kuma ya ɓace daga fili. An rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi, sannan aka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025. Ba mu kewar yadda ake raba riguna masu hoton ɗan takara a gasar hutun ƙarshen shekara, amma dole a faɗa: waɗannan riguna su ne wasu ƙungiyoyi ke sawa har kaka ta ƙare. Kamfanoni ma yanzu hankalinsu na kan gudummawar asusun ceton ƙasa na FSSP da aka kafa a watan Oktoban 2023, kuma ba wanda zai ce ƙasar da ke yaƙi da 'yan ta'adda ba ta buƙatar wannan kuɗi. Ƙwallon ƙananan rukunai ta faɗo ƙasan jerin kowa.

Abin da ke biyo baya mun san shi. Ɗan wasa ya yi atisaye da safe, da rana ya hau kabu-kabu ko ya tafi wurin gini. Ya ji ciwo a gwiwa, a kai shi wurin mai ɗori, iyayensa su biya. Mai horarwa ya yi wata da watanni bai ga ko dala ba, ƙarshe shi ke ciro kuɗin ruwa daga aljihunsa. Ƙungiya ta kasa zuwa wasan waje, a ba abokiyar karawarta maki a kan tebur. Wanda ya fi kowa iya wasa kuma ba ya daɗewa: ko wata ƙungiyar ma'aikata ta ɗauke shi zuwa Yamai ba tare da ƙungiyar da ta raine shi ta ga wani abin kirki ba, ko ya tsallaka Kano da Katsina neman sa'a, ko ya ajiye takalmin ya bi motar Agadas zuwa wuraren haƙar zinariya, ko Libiya da Aljeriya. Da yawa daga cikin masu karanta mu a can sun san wannan hanya, domin ita suka bi.

A birni irin Damagaram wannan batu ya wuce nishaɗi. Duniya ta san sunan unguwar Ƙara-Ƙara da ƙungiyoyin matasa da ake kira palais ta hanyar fim ɗin Zinder na Aicha Macky da ya fito a 2021. Ƙungiyoyin agaji sun kashe maƙudan kuɗi wajen tarurrukan wayar da kai kan zaman lafiya da rikicin matasa, a otal-otal, da ruwan kwalba da kuɗin zama. Amma abu mafi arha da ke tara samari talatin a wuri ɗaya kullum da yamma, ya sa su bin doka, ya sa su girmama wani babba da ke riƙe da usur, ya gajiyar da su har su yi barci da wuri, shi ne ƙungiyar ƙwallon unguwa. Idan ta mutu, yaran ba sa ɓacewa. Suna komawa fada, suna komawa gidan kallo su yi ta musu kan Real Madrid da Barcelona, wasu kuma su ƙare a shagon caca suna zuba ɗan abin da suka samu kan wasan da ake bugawa a Ingila.

To ina kuɗin ƙwallo suke tafiya? Wannan tambaya ta hukumar FENIFOOT ce, kuma ba da rashin kunya muke yin ta ba. A ƙarƙashin shirin FIFA Forward na 2023 zuwa 2026, kowace hukumar ƙwallo ta ƙasa na iya samun dalar Amurka miliyan 8, miliyan 5 na gudanarwa, miliyan 3 na ayyuka, da ƙarin har miliyan 1.2 na tafiye-tafiye da kayan wasa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. CAF ma ta ɗaga tallafinta na shekara ga kowace hukuma zuwa dala 400,000 a 2024. Mun san nauyin da ke kan hukumar. Mena ta daɗe tana karɓar baƙi a ƙasashen waje saboda CAF ba ta amince da filin Seyni Kountché ba, kuma kowace irin wannan tafiya tana lashe miliyoyi. Mun kuma san an yi aiki: Nijar ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, da ta 'yan ƙasa da 20 a 2019 a Yamai da Maraɗi, Mena ta 'yan wasan gida ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, kuma Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda ya hau shugabancin hukumar a 2009, ya samu kujera a majalisar FIFA a watan Maris na 2025. Duk wannan abin alfahari ne. Abin da muke nema ƙarami ne: a wallafa, kowace shekara, nawa aka ba kowace hukumar jiha, nawa ya isa hannun kowace ƙungiya ta rukuni na biyu, kuma a wace rana. Ranar tana da muhimmanci, domin tallafin da ya zo bayan an ci bashin mota a tasha, mai bashi ne ke cin sa. Idan kuɗin sun yi kaɗan, jama'a su gani da idonsu su yi wa hukuma uzuri. Idan kuma a hanya suke maƙalewa, a san inda suka maƙale.

Akwai kuma wata hanya da ƙungiyoyinmu ke asara ba su sani ba. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun watan Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris da ke bin sawun wannan kuɗi ya aika wa masu haƙƙi. Amma ofishin da rajistar kwamfuta yake aiki. Yaron da ya yi shekara huɗu a wata ƙungiya ta Mirriya ba tare da an shigar da sunansa da ranar haihuwarsa ta gaskiya a rajistar hukuma ba, a idon FIFA bai taɓa taka ƙwallo a Mirriya ba. Idan wata rana aka sayar da shi dala miliyan ɗaya, shekara guda ta raino tsakanin 16 da 23 tana kawo dala 5,000, kusan sefa miliyan uku, abin da zai ɗauki nauyin tafiye-tafiye da dama. A Senegal makarantar Génération Foot, inda Sadio Mané ya fito, ta gina kanta ne da sanin darajar takarda da yarjejeniya. Mu kuwa har yanzu akwai masu rage wa yaro shekaru don a ci kofin unguwa, su yi asarar abin da ya fi kofin sau ɗari.

Wannan ya kawo mu ga laifin ƙungiyoyin da kansu, domin ba za mu ɗora komai a kan Yamai ba. Ƙungiya nawa ce a jihar nan ke da asusun banki da sunanta? Nawa ce ke kiran taron mambobi ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita? Shugaban da ke kuka cewa shi kaɗai ke ɗaukar nauyi, sau da yawa shi ne ba ya son kowa ya leƙa littafin. Mu 'yan kallo ma muna da namu. Saurayin da ke biyan kuɗin gidan kallo duk Asabar da Lahadi, ya sayi rigar Mbappé, shi ne zai tsaya a ƙofar filin wasa yana neman wanda ya sani don ya shiga kyauta, ko ya haura katanga. Sannan a tashi wasa ya fi kowa zagin mai horarwa.

Matsalar ba a Nijar kaɗai take ba. A Ingila, inda kuɗin talabijin suka fi na ko'ina, an kori Bury FC daga gasar ƙwararru a watan Agustan 2019 saboda bashi, ƙungiyar da aka kafa tun 1885, kuma Macclesfield Town ta bi bayanta a 2020. Magoya baya ne suka yi karo-karo suka sake tayar da ƙwallo a Bury. A maƙwabta kuwa, Kano Pillars da Katsina United gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, abin da ke ba su numfashi amma yake sa su tari duk lokacin da gwamna ya yi mura. Jihohinmu ba su da irin wannan kasafi, don haka kwaikwayon Kano ba zai fisshe mu ba.

Abin da Damagaram ke da shi wanda sauran jihohi ba su da shi, shi ne matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, mallakar kamfanin CNPC na China da gwamnatin Nijar. Man da SONIDEP ke rarrabawa a ƙasa a nan ake tace shi, ƙungiyar SONIDEP kuma tana Yamai, ta ci kofin ƙasa a 2018 da 2019. Ba mu ce a ƙwace ta a kawo nan ba. Muna cewa gwamnan jiha, da kantoman birni, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram su zauna da shugabannin matatar a ƙulla yarjejeniya a rubuce, ta shekara uku ko biyar, wadda za ta ɗauki nauyin man tafiye-tafiyen gasar jiha da na wakilan jihar a gasar ƙasa, a sa sunan kamfanin a gasar. Ko da ƙungiyoyi ashirin ne kowace ta sha lita dubu biyu a kaka, lita dubu arba'in ke nan, ganga 250 da 'yan kai, abin da bai kai aikin rabin awa na matatar ba idan tana tafiya da cikakken ƙarfinta. A ba da shi a matsayin takardar shan mai da sunan ƙungiya da ranar wasa, kada a ba kowa tsabar kuɗi a hannu.

Gwamnati ta riga ta nuna ta iya irin wannan tsari idan ta ga dama. Tun 1975 ake gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, kuma duk shekara ana kwasar 'yan kokawar jihohi takwas, a ciyar da su, a kwantar da su, a watsa karawarsu kai tsaye a talabijin, kamfanoni na rige-rigen ba da kyauta. Filin Langa-Langa shaida ne. Muna son kokawa, ita ce tamu ta gado. Amma ita kwana goma ce a shekara, ƙwallo kuwa kullum ce, kuma yaran da ke bin ta sun ninka na kokawa nesa ba kusa ba.

Sai ku 'yan uwa da ke Legas da Abijan da Tamanrasset da Tripoli da Faransa da Amurka. Kusan kowane gari a jihar nan yana da zauren WhatsApp na 'ya'yansa mazauna waje, kuma ta Nita da Amana kuna aiko da kuɗin gyaran masallaci, da na asibiti, da na rasuwa. Allah Ya saka da alheri. Mutum ɗari biyu, kowa jika biyu a wata, jika 400 ke nan, kusan sefa miliyan biyar a shekara. Wannan ya isa ya riƙe ƙungiyar gasar jiha da mutuncinta. Amma kada ku aika da ko dala sai an cika muku sharaɗi uku: asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, katin zama mamba da ke ba ku ƙuri'a a zaɓen shugabanni ko kuna nesa, da hoton lissafin wata-wata a zauren. Ku kuma tambayi shugaban ko ya yi wa yaran rajista a hukuma da shekarunsu na gaskiya. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi, ku riƙe kuɗinku ku nemi wata ƙungiyar, domin a kowace unguwa akwai wani malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa da ke tara yara da ƙwallo biyu da ya ɗinke da hannunsa.

Daga ɓangarenmu, wannan jarida za ta aika wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Damagaram da FENIFOOT tambayoyi a rubuce kan adadin ƙungiyoyin da suka yi rajista a bana, da waɗanda suka janye, da tallafin da kowace ta karɓa da ranar da ta karɓa. Za mu wallafa amsar yadda ta zo. Shugabannin ƙungiyoyi da masu horarwa da ke son a ga lissafinsu na kakar da ta wuce, ƙofarmu a buɗe take, kuma za mu fara da duk wanda ya riga kawowa.